Mawaƙan da ke cikin tsofaffin faifan garmaho: da gaske gwanaye ne ko suna ne kawai?

Dan_Fagge:
Salam 'yan uwa. Ina da tambaya amma don Allah kar a ce na raina manya. Daren jiya an ɗauke wuta zafi ya hana ni barci, ina ta latse-latsen waya sai na faɗa kan waƙar wani ɗan Italiya wai shi Enrico Caruso, an rubuta 1902 a jiki, mutane a ƙasa sai zuba yabo suke wai duniya ba ta taɓa yin murya irin tasa ba. Na sa abin kunne na natsu. Wallahi abin da na fi ji shi ne shuuu kamar ana suyar ƙosai, can ƙasa-ƙasa kuma wani bawan Allah yana kwarara ihu kamar ya faɗa rijiya. Na ce bari na gwada wasu, na saurari wata Ba'indiya, na saurari wani Bamisire, duk kanwar ja ce. To ni tambayata, mutanen nan da gaske gwanaye ne, ko kuwa don su aka fara ɗauka shi ya sa sunansu ya zauna? Don wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi.

Maman_Ihsan:
Hhhh suyar ƙosai wai. Kai Dan Fagge ba ka da dama

Sadauki77:
Ni ma ra'ayina kenan. Turawa sun iya tallata nasu ne kawai. Da Shata aka ɗauka a 1902 da yanzu shi ake karantawa a jami'o'in duniya

Maman_Ihsan:
Sadauki a 1902 ko haihuwar Shata ba a yi ba fa, ka bi a hankali

Injiniya_TudunWada:
Dan Fagge laifin ba na mawaƙin ba ne, na na'urar ne, bari na ɗan warware maka tunda gyaran rediyo da lasifika ne sana'ata. Kafin 1925 babu makirufo a harkar ɗaukar waƙa, lantarki ma ba ya ciki gaba ɗaya. Wani ƙaton mazurari ne na ƙarfe kamar bakin kakaki, mawaƙi ya tsaya gabansa ya yi ta rerawa a ciki, iskar muryar ta bi ta tsukakken wajen ta girgiza wani ɗan tantani, tantanin ya girgiza allura, allurar kuma tana zana layi a jikin kaki irin na zuma mai juyawa. Shi kenan fa. Ƙarfin huhunka shi ne alƙalamin. Sautin da ya yi kauri sosai ba ya shiga, wanda ya yi siriri sosai shi ma ba ya shiga, na tsakiya kawai ake samu. Kamar ka leƙa Kantin Kwari ta hudar ƙofa ne ka ce ai kasuwar ba mutane. Har akwai mai tsayawa bayan mawaƙi, in ya zo inda zai ɗaga murya sai ya ja shi baya kar allura ta yi tsalle, in ya sassauta ya tura shi gaba har kansa ya kusa shigewa mazurarin. Ka ƙaddara kai ne kake waƙa ana ja ana tura ka, kuma a haka ake so ka fitar da abin kirki.

Malam_Tarihi:
Bari na ɗora kan na Injiniya. Waƙoƙin nan na 1902 a ɗakin otal aka ɗauke su a birnin Milan, ranar 11 ga Afrilu. Wani Ba'amurke mai suna Fred Gaisberg da ke wa kamfanin Gramophone na Landan aiki shi ya ɗauka, waƙa goma a zama ɗaya, aka biya Caruso fam 100. Babu gyara babu yanke-yanke irin na yanzu, akwai ma ɗaya daga ciki da ya riga mai piyano shiga, haka aka buga ta aka sayar da kuskurenta. Amma a sani, tun kafin a ɗauke shi yana waƙa a La Scala, babban gidan waƙar Milan, inda sai muryarka ta ƙetare makaɗa gaba ɗaya ta kai ga na can sama ba tare da lasifika ba. Kenan faifai zuwa ya yi ya same shi da sunansa. Sa'ar da ya taka ita ce muryarsa ta faɗa daidai wannan tsakiyar da Injiniya ke faɗa. Mata masu siririyar murya irin su Nellie Melba ta Ostireliya su na'urar ta fi cuta. Kuma ya rasu 1921 yana da shekara 48, saura shekara huɗu makirufo ya zo, don haka duk abin da ya bari ta mazurari ya wuce.

Abu_Hafsat:
Na taɓa karanta cewa kamfanin sun aiko wa Gaisberg telegiram daga Landan suka ce kuɗin ya yi yawa kar ya kuskura ya ɗauka, shi kuma ya yi kunnen uwar shegu ya biya daga aljihunsa

Malam_Tarihi:
Abu Hafsat labarin ya shahara kam, daga bakin Gaisberg ɗin ya fito, amma masu bin tsofaffin takardun kamfanin suna shakkar sa. Ka san ɗan kasuwa in ya tsufa yana ba da labarin kansa, sai ya ɗan ƙara gishiri.

Kawu_SabonGari:
Yara kun tuna mini da baya. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa yana da garmaho, baƙin akwati ne mai marfi da ɗan hannu a gefe da ake murɗawa a yi masa wani kamar agogo. Ranar Juma'a bayan la'asar ake fito da shi zaure, a shimfiɗa tabarma, maƙwabta su cika har waje. Ni ne mai wani don ni ne ƙarami a cikin maza. In na yi sakaci wanin ya fara ƙarewa sai ka ji muryar mace ta fara ja tana kauri har ta koma ta gardi, sai baba ya ce kai ɗan nan barci kake? Allura kuma a cikin wani ɗan gwangwani take mai hoton kare, waƙa ɗaya allura ɗaya, in ka maimaita tsohuwa tana cinye faifan. Mu kuma tsince su muke muna wasa da su. Kakarmu har ta bar duniya ba ta yarda ta gifta ta gabansa yana magana ba, akwatin aljanu take ce masa. Da aka ce mata sunan baƙin abin nan faifai sai ta ɗaga shi ta leƙa ta hudar tsakiya ta ce wannan wane irin faifai ne da ko ƙwaryar fura ba zai rufe ba ƙuda sun shige. Wata rana na zauna kan guda ɗaya ban sani ba, na Larabci ne da baba ya fi so, ya ce ƙas ya rabe biyu. Dukan da na sha ranar har yanzu in na ga hoton karen nan sai na ji bayana ya yi zafi. To Dan Fagge, mu da wannan suyar ƙosan muka taso, kuma wallahi ba ma jin ta, sai yanzu da ka faɗa na tuna akwai ta.

Maman_Ihsan:
Allah sarki Kawu, Allah ya jiƙan magabata. Maganar Kaka ta ba ni dariya. Amma wai meye haɗin kare da waƙa?

Injiniya_TudunWada:
Hajiya zane ne wani Baturen Ingila Francis Barraud ya yi, karen sunansa Nipper, yana leƙa cikin mazurari wai yana sauraron muryar ubangidansa. Kamfanin suka saye zanen ya zama tambarinsu, daga nan sunan HMV ya fito, wato His Master's Voice, muryar ubangidansa. Kuma abin da Kawu ya faɗa na fashewa gaskiya ne, ba roba ba ce, da wani irin ƙaro ake yin su wanda wani ƙwaro ke fitarwa a jikin bishiyoyi a Indiya, a gauraya da garin dutse. Shi kansa garin dutsen yana cikin abin da ke kawo shuuu ɗin

Sadauki77:
Ai Edison ne ya ƙirƙiro garmaho a 1877, mun yi a makaranta

Malam_Tarihi:
Kusan haka ne amma da sauran gyara. Na Edison na 1877 ba faifai ba ne, wani abu ne mulmulalle kamar gwangwani. Mai faifai shimfiɗaɗɗe wanda Kawu ya zauna a kai na Emile Berliner ne, Bajamushe mazaunin Amurka, 1887. Kuma shi gwangwanin da farko ba a iya kwafarsa da yawa. Akwai wani baƙar fata George W. Johnson, a cikin bauta aka haife shi a Bajiniya, daga baya yana yin fito da baki yana waƙa a titunan New York. Wajen 1890 aka fara ɗaukarsa, waƙarsa da ta fi ciniki ta dariya ce, sai a jera masa na'urori kaɗan ya yi, a cire a sa sababbi ya sake, ana cewa har sau hamsin a rana. Ka ƙyalƙyale da dariya sau hamsin ba abin dariya a gabanka, wannan ai aikin ƙarfi ne.

Bagobiri_Na_Isa:
Ni abin da Kawu yac ce na wani shi at tsaya man a rai. In gudun faifai ka canza murya haka, to mi ya tabbatar muna da muryar da muka ji yanzu ita ta ta gaskiya?

Injiniya_TudunWada:
Bagobiri ka taɓo inda ke ƙaiƙayi. Ana ce musu masu zagaye 78 a minti amma a farkon lamarin ba kowa ke bin 78 ba, wani ƙasa wani sama, na kamfanin Pathé na Faransa ma har wajen 90 suke kuma daga tsakiya allura ke farawa ta fito waje. In wanda ya ɗora a intanet bai daidaita ba sai ka ji namiji ya koma yaro. Ga misali mai ban dariya, wani Bafaranshe Scott de Martinville a 1860 ya zana sauti a kan takarda da aka shafa wa baƙin hayaƙin fitila, shi bai ma yi don a saurara ba, don a gani ya yi. Sai a 2008 masu bincike a Amurka suka yi amfani da kwamfuta suka fitar da sautin, duniya ta ɗauka yarinya ce ke waƙa. Daga baya aka gano ninka gudun aka yi, da aka rage sai ga muryar namiji, ana kyautata zaton shi ne da kansa.

YarKatsina_Fan_India:
Dan Fagge wace Ba'indiya ka saurara? In Gauhar Jaan ce ka ce kanwar ja to ni da kai ne yau. Matar nan ita ce ta farko da aka fara ɗauka a Indiya, a Kalkata, Nuwamba 1902, kuma wannan Gaisberg ɗin dai ne, watanni kaɗan bayan Caruso. Rupi 3,000 ta ce a ba ta kuma aka ba ta. Ka san irin waƙarsu ta gargajiya mutum zai iya awa guda yana jan abu ɗaya, aka ce mata minti uku kawai faifai ke ɗauka, ta zauna ta matse shi ya shiga minti ukun ba tare da ya lalace ba, manyan ustazan waƙa maza da yawa a lokacin ƙin yarda suka yi. Don Allah ka koma ka saurara har ƙarshe, in ta gama sai ka ji ta ɗaga murya da Turanci ta ce sunana Gauhar Jaan. Dalili, kakin da aka ɗauki waƙar a kai Jamus ake kai shi birnin Hanover a buga, ma'aikatan can ba sa jin yaren, da wannan suke gane sunan da za su manna. Ni duk sanda na ji wurin nan sai tsigar jikina ta tashi, mace ta rasu tun 1930 amma ga ta tana gaya maka sunanta a kunne.

Malam_Tarihi:
Yar Katsina kin kawo shi daidai, gyara ɗaya ne. Ba ita ce ta farko-farko ba, an ɗauki wasu 'yan mata biyu na gidan wasa kwanaki kafin ita, Gaisberg ɗin ma bai yaba muryarsu ba. Ita ce dai babbar tauraruwa ta farko.

YarKatsina_Fan_India:
To Malam na karɓa, amma su wa ya san su yanzu? Kuma wannan ma ya amsa wa Dan Fagge, in riga shiga ne kawai ai da sunansu ne ya zauna ba nata ba

Sadauki77:
Wannan kuma magana ce

Takari_Omdurman:
Salam daga Sudan. Maganar minti uku ita ta fi ci mini rai a ɓangaren Larabawa. Su Shehu Yusuf al-Manyalawi da Abdul Hayy Hilmi na Masar da aka ɗauka kafin yaƙin duniya na farko, waƙarsu ta zaman dare ce, mawaƙi ya maimaita baiti ɗaya sau goma kowanne da salonsa, jama'a suna Allah Allah ya ƙara. A ɗakin ɗauka ba jama'a, sai ka ji a cikin faifan wani daga cikin makaɗan yana yi masa kirarin da kansa don ya samu ƙarfin gwiwa. Ummu Kulsum ma da faifai ta fara a shekarun 1920, yarinyar ƙauye ce 'yar liman da babanta ke sa mata kayan maza su je waƙar mauludi. Amma Ummu Kulsum ɗin da iyayenmu ke rufe shago saboda ita ta rediyo ce, ta daren Alhamis ɗin farkon wata, inda waƙa ɗaya ke cin awa. In ka ji ta faifai ka ji ta rediyo kamar ka gwada ɗanɗano da cin abinci ne. Don haka Bamisiren da ka ji Dan Fagge, ɗan yanki aka tsakuro maka.

Abu_Hafsat:
Tunda an zo Masar, ni tsohuwar muryar da ba na gajiya da ita ta Shehu Muhammad Rif'at ce. Shi ya buɗe gidan rediyon Masar da karatu a 1934. Yawancin abin da ya rage nasa masoyansa ne suka ɗauka a gida daga rediyo, ƙarar ciki ta fi ta Caruso ma, amma in ya ja aya sai ka nemi ƙarar ka rasa

Ustaz_Gwale:
Abu Hafsat a yi hattara don Allah. Ana maganar mawaƙa ka kawo makarancin Alƙur'ani, ba a haɗa su a layi ɗaya. Tilawa daban waƙa daban.

Abu_Hafsat:
Na karɓi gyara Ustaz, Allah ya yafe mana. Ba haɗa su na yi ba, maganar na'ura nake, cewa kunne yana tsallake ƙara in abin da ke ciki ya kai zuciya

Ustaz_Gwale:
To madalla, na fahimta

Zongo_Boy_Kumasi:
Ni dai ina gefen Sadauki kaɗan. Ku duba, Italiya 1902, Indiya 1902, mu kuma fa? A nan Gana abin da ake tinƙaho da shi su Kumasi Trio ne, 1928, kuma sai da aka kwashe su zuwa Landan kamfanin Zonophone ya ɗauke su. A jerin faifan da kamfanin ya yi wa Afirka ta Yamma a shekarun nan har da na Hausa a ciki tare da Yarbanci da Fanti da sauransu. Kakan Fela, Rabaran J.J. Ransome-Kuti, shi ma Landan ya je a 1922 ya yi waƙoƙin coci da Yarbanci. Kenan shekara ashirin da wani abu ana ɗaukar wasu mu ba a waiwaye mu ba, duk makaɗin da ya mutu a tsakanin nan ya tafi da kayansa

Malam_Tarihi:
Zongo Boy haka ne, kuma dalilin kasuwa ne zalla. Kamfanonin nan akwatin suke son sayarwa, kuma ba mai sayen akwati in ba waƙar yarensa a ciki. Duk inda suka hango masu kuɗin saye nan suke tura mai ɗauka, Kalkata, Alƙahira, Istanbul, Tehran. Har 'yan gida suka shiga, iyalan Baida na Labanan suka kafa Baidaphon suna bugawa a Jamus. Akwai dai masu bincike irin Northcote Thomas da ya ɗauki muryoyi a kan gwangwanin kaki a ƙasar Edo da ƙasar Ibo tun daga 1909, amma wannan na ajiya ne a Ingila ba na kasuwa ba. Misalin da na fi so shi ne Siti binti Saad ta Zanzibar, 'yar talakawa ce daga ƙauye, sana'ar tukwane ta taso a ciki, a 1928 aka kai ta har Bombay ta yi irin waƙarsu da ake kira taarab da Swahili maimakon Larabcin fada, tana waƙa kan zaluncin masu iko da abin da ake wa mata. Faifan suka yi ciniki har kamfanoni suka fara rububin gabashin Afirka.

Maman_Ihsan:
To su mawaƙan suna samun wani abu kuwa ko kamfani ke kwashewa?

Zongo_Boy_Kumasi:
Hajiya ya danganta da wanda kake. Caruso ya yi arziki na fitar hankali da kamfanin Victor na Amurka. Solomon Linda na Afirka ta Kudu kuma da ya yi waƙar Mbube a 1939 sule goma aka ba shi, waƙar ta zaga duniya da wasu sunaye, shi ya rasu 1962 ba shi da komai, sai a 2006 'ya'yansa suka samu aka sasanta. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi

Dr_Kunne:
Ina ta karantawa ina shiru. Akwai wanda ba a ambata ba kuma shi ne zai ɗan goyi bayan Dan Fagge. Alessandro Moreschi, mawaƙin cocin Paparoma a Rum, an ɗauke shi 1902 da 1904. Yana cikin na ƙarshen waɗanda ake dandaƙewa tun suna yara don kar muryarsu ta fashe, irin babannin fada na da amma su don waƙa aka yi musu. Shi kaɗai ne a cikinsu aka ɗauki muryarsa shi ɗaya. Masana har gobe suna gardama, wasu sun ce ba wani gwani ba ne ya dai yi sa'ar zama na ƙarshe, wasu sun ce salon zamaninsu ne kunnenmu bai saba ba. Haka Adelina Patti, sai da ta kai shekara 62 ta yarda aka ɗauke ta a gidanta a Wales a 1905, muryar ta riga ta fara tafiya. To ka ga akwai wanda faifai ya kama yana ganiyarsa, akwai wanda ya kama da yamma, akwai wanda tarihi ne kawai ya sa ake jin sa. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba

Maman_Ihsan:
Innalillahi, a nakasa yaro saboda waƙa? Kai duniya

Sadauki77:
Kuma su ne ke ce mana marasa wayewa

Bagobiri_Na_Isa:
Dan Fagge ina da tambaya gare ka, kuma ka ba ni amsa tsakaninka da Allah. Ba kai na ba kwanaki kat turo muna Narambaɗa cikin wanga zaure kana ta kirari? Wanga faifan da kat turo ai ƙarar da ac ciki ta kai ta injin niƙa, wani wuri ma sai ka kasa kunne sau ukku kafin ka gane mi yac ce. Amma ba ka ce suyar ƙosai ba. Don mi? Don kana jin Hausa, ka san inda zai karya magana, ka san in 'yan amshi sun karɓa daidai, ka san habaicin da ya yi ma wani ɗan sarki. Kunnenka shi ka cike abin da na'ura ta zubar. Shi ko Caruso ba ka jin Italiyanci, ba ka san mi a gwaninta ba cikin irin waƙarsu, to mi ya rage maka in ba ƙara da ihu ba? Ka ba ɗan Italiya Narambaɗa ka ji abin da zai ce. Kuma ka tuna makaɗan fada nawa anka yi kafin Narambaɗa, waɗanda shi kansa ya taras, ba mu da ko tarinsu.

Injiniya_TudunWada:
Bagobiri ka gama magana wallahi

YarKatsina_Fan_India:
Ban yarda gaba ɗaya ba. Mu nan da yawa ba ma jin Indiyanci amma muna gane gwani in mun ji. Ba sai ka ji yare ba

Bagobiri_Na_Isa:
Yar Katsina ke da Indiya tun kina goye kike jin su, kunnenki ya koyi salon ko bakinki bai koyi yaren ba. Duk ɗaya na

Takari_Omdurman:
Ni ina ganin ku biyun kuna da gaskiya. Amma akwai muryar da ba ta neman izini. Ku nemi Bessie Smith ta Amurka, faifanta na farko 1923, shi ma ta mazurari aka ɗauka. Ban san salon ba ban taso da shi ba, amma ranar da na fara ji sai da na ajiye kofin shayi

Dan_Fagge:
Kai jama'a na tayar da ƙura na tafi kasuwa, na dawo na tarar da wannan duka. Bagobiri ka kama ni, ba ni da ta cewa kan Narambaɗa. Yar Katsina ita ce na saurara kuma gaskiya ban kai ƙarshe ba jiya, yanzu na koma na kai, da ta faɗi sunanta sai da na waiga don na ɗauka wani ne ya yi magana a ɗakin, na maimaita wurin ya fi sau biyar. Amma Caruso fa har yanzu ihu nake ji, na cire abin kunne na sa a lasifika kamar yadda wani ya ce mini ta akwatin saƙo, ya ɗan fi, amma matata ta leƙo ta ce lafiya waye ba shi da lafiya. Kuma maganar Dr Kunne ta nuna tambayata ba shirme ba ce gaba ɗaya

Dr_Kunne:
Ba shirme ba ce sam. Ka bar na 1902, ka nemi waɗanda ya yi a Amurka daga baya, ɗaukar ta fi kyau, kuma ka fara da waƙoƙin garinsu Naples ba na wasan opera ba, sun fi sauƙin shiga kunne

Sadauki77:
Ni dai har yanzu ina nan kan bakana, talla ta yi aiki

Kawu_SabonGari:
Injiniya, akwatin baban namu yana nan a ɗakin ƙanwata a ƙarƙashin gado, da faifai wajen goma sha biyu a cikin tsohuwar jaka, rabon da a taɓa shi ya fi shekara arba'in. Hannun wanin yana juyawa amma ba ya kamawa. Yana gyaruwa kuwa? Kuma allurar fa, ana samu?

Injiniya_TudunWada:
Kawu da alama zaren ƙarfen ciki ne ya tsinke ko ya zame daga maƙalinsa, yana gyaruwa. Amma don Allah kar a bari yara su buɗe gwangwanin da yake ciki, in ya fallo yana iya yanke yatsa. Faifan kuma kar a goge su da fetur ko sipirit, sipirit narkar da su yake, tsumma mai laushi kawai, kuma a ɗauke su daga inda rana ke bugu. Allura har yanzu ana yin sababbi ana sayarwa a intanet. Ka turo mini hoton cikinsa da na takardun da ke manne a tsakiyar faifan

Malam_Tarihi:
Kawu hoton takardun nan a turo shi nan cikin zaure don Allah kowa ya gani, musamman in akwai na Hausa a ciki

Kawu_SabonGari:
To sai jikana ya dawo daga islamiyya, ni ban iya tura hoto ba